Baba Polan da Mai Tumbin Shara

Kowa a unguwarmu ta Nima ya san Baba Polan da doguwar sandarsa mai ƙugiya, kullum yana bakin babbar kwata yana tsamo silifa da ledar ruwa. Sunansa na yanka Marek, mai sassaƙa ne daga ƙasar Poland, ya kama ɗaki a gidan mahaifiyata. Ni nake sayar masa da waakye, wato shinkafa da wake, kuma bai taɓa yarda in zuba masa a leda ba, wai wadda ke kwata ta ishe shi.

Da muka tambayi abin da ya raba shi da gida, ya ce wani mutum-mutumi ya ƙera da ya ɓata wa manyan coci da 'yan siyasa rai, aka farfasa shi da guduma, masu baje koli suka rufe masa ƙofa. Da alfahari yake ba da labarin. Maganarsa kullum ita ce, "In ba wanda ya yi fushi, ban yi aiki ba."

Mu ma sai da ya gwada mana. Ana dab da zaɓe ya haɗa wani ƙaton mutum da sharar kwata, tumbi kamar randa, hannu a miƙe, ya girke shi a ƙofar gidanmu. Kafin azahar magana ta kai har unguwar Maamobi cewa wani Alhaji ɗan takara aka siffanta.

Liman ne ya fara zuwa, ya ce gunki ba ya zama a ƙofar Musulmi. Baba Polan ya saurara da ladabi, ya ce ai wannan ba mai bauta masa sai mai neman kwangila. Liman ya danne dariya, amma bai janye maganarsa ba.

Bayan la'asar yaran Alhaji suka iso da sanduna da galan ɗin fetur. Kun san gidajen Nima, bango da bango ne, in wuta ta tashi sai ta kai unguwar Kotobabi. Mama ta tura mu ɗaki tana salati. Ta taga na ga Baba Polan ya jawo benci ya zauna a gindin abinsa. Har an buɗe galan ɗin, Alhaji ya fito daga mota.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba Polan, "in kai ne, faɗa a gaban jama'a in rubuta sunanka a ƙasa."

Alhaji ya zagaya abin, ya dubi tumbin, ya ɗan tsuke nasa.

"Wannan bai yi kama da ni ba ko kaɗan."

Ya sa yaransa suka rufe galan suka watse.

Washegari Mama ta ce ya zaɓa, ko dodon ya bar ƙofarta ko shi. Da kansa ya wargaza shi yana mita, wai a Poland ko ba komai masu farfasawa da gudumarsu suke zuwa.

Bara ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Da 'yarsa ta zo tafiya da gawar, Liman ne a gaban masu rakiya. Allah Ya san bawansa fiye da mu. Allah Ya duba zaman amanar da ya yi da mu, Ya sanyaya zuciyar 'yarsa.