Kallon Sama Ya Kai Ni Bencin Baya

A cocinmu na Kafanchan akwai wani benci can baya, bakin ƙofa, inda mutane suke jingine lema da damina. Ba shi da majingina. Wanda dattawan ikkilisiya suka sa wa horo nan yake zama, ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya waƙa a kwaya, kuma duk mai shigowa sai ya fara ganinsa kafin ya ga bagadi. Maza ba su cika zama a kai ba. 'Yan matan da suka yi ciki ne suka goge shi da zannuwansu har yana sheƙi. Ni ma na zauna a kansa, ba tare da ciki ba.

Shekarar da na gama sakandare ce, ina jiran sakamako, ina taya Mama sayar da doya da ƙosai a tashar jirgi. A kwayarmu akwai wani malamin firamare ɗan Madakiya, dogo, mai surutu, kowa Ticha yake ce masa. Bari in faɗa tun yanzu, ban taɓa son sa ba. Mutumin da yake sa safa da takalmin roba ba abin so ba ne. Abin da yake da shi madubin hangen nesa ne, wanda wansa soja ya dawo da shi daga yaƙi, sai kuma rediyo da kullum take manne a kunnensa.

Wata rana bayan koyon waƙa ya ce mana Amurkawa sun harba wani kumbo, gida guda na ƙarfe da mutane a ciki, kuma ana ganinsa da ido idan rana ta faɗi. Aka yi masa dariya, amma muka bi shi filin ƙwallon makarantarsu, don a cikin gari fitilun tasha suna cinye rabin taurari. Muka tsaya har wuya ya ƙage. Can sai ga wani tauraro ya taso daga yamma, ba ya ƙyaftawa, ba ya ƙara, yana ratsa sauran a hankali kamar mai zuwa aike. Kafin ya kai kan Dutsen Kagoro ya dushe ya ɓace. Na karanta labarin ƙasa a makaranta, na zana duniya da wata a jarrabawa, amma ranar ce na fara yarda cewa ba zancen allo ba ne kawai. Akwai mutane a can, wataƙila ma suna cin abinci.

Sauro ya kori sauran 'yan kwayar cikin 'yan kwanaki. Ni na ci gaba da zuwa, domin kumbon ba kullum yake wucewa ba, kuma ba na son a ba ni labari. Ticha ya fara zuwa da tabarma yana kwanciya rigingine saboda wuyansa. Ni kuwa jikin ƙarfen raga nake jingina, sai in ina son madubin in miƙa hannu. Haka shugabar zumuntar matan cocinmu ta same mu, ta ratso filin daga wurin niƙa da kwano a ka. Ta ga tabarma, ta ga namiji a kwance, ta ga 'ya mace, ta ga duhu. Sama kam ba ta ɗaga kai ta duba ba. Kafin Lahadi labarin ya kai har Kagoro, ya dawo da ƙari.

Aka kira mu ofishin fasto. Shugaban dattawa tsohon gadin jirgi ne da ya yi ritaya, mutumin da har yanzu yake magana kamar yana korar wanda bai sayi tikiti ba. Ya bar ni na gama bayanina tsaf, sannan ya ce, “Yarinya, taurari sun ƙare ne a gidan ubanki?”

Na ce masa a gidan ubana hasken tasha ne yake hana gani. Na juya ga Ticha don ya yi bayani, shi da ba ya gajiya da bayani. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, a yi haƙuri.” Haƙurin me? Wanda bai yi laifi ba yana ba da haƙuri ne? Da wannan kalmar ya tura ni rabin hanyar bencin baya, kuma har yau ban yafe masa ba.

Na ce to su zo su gani da idonsu. Dattijon ya ce ikkilisiya ba ta bin yara fili. Fasto, wanda ba ya son rigima, ya ce ai ba a yanke hukunci ba a ji shaida ba, in shaidar tana sama sai a je a duba ta.

Suka zo bayan faɗuwar rana: fasto, dattijon, shugabar zumunta, da Ticha a bayansu kamar akuyar da za a kai kasuwa. Mama ta tsaya gefe ta harɗe hannu, ba ta kalli kowa ba. Dattijon kuwa ya zo da fitilar gas ta coci, babbar nan da ake yi wa famfo, wadda ake kunnawa ranar Kirsimeti. Ya dire ta a tsakiyarmu tana huci. Ta haske ciyawa, ta haske fuskokinmu, ta tara ƙwari. Na ɗaga kai, sama baƙi ƙirin, ko tauraro ɗaya babu.

Na ce, “Baba, sai an kashe fitilar nan.”

Ya ce, “Mu dattawa mu tsaya a duhu da 'ya mace? Ai abin da muke shari'a a kai ke nan.”

Na roƙi a matsar da ita bayan aji. Ya ce inda dattijo yake nan haske yake. Shugabar zumunta ta ce ita ma ba za ta tsaya a duhu da mazan mutane ba, tana da suna. Fasto ya yi ta gyaran murya. Wato sun zo ganin abin da ba a gani sai a duhu, sun kuma zo da abin da zai hana duhun, kuma a ganinsu adalci suke yi.

Ticha ya ɗan ja baya, ya kare fuskarsa da hula. Na ji ya ce a hankali, ga shi nan, amma da ciyawa yake magana, ba da su ba. Na san kumbon ba ya jira. Kafin a tafasa ruwan shayi ya wuce, kuma ban san ranar da zai dawo ba. Na durƙusa na kwance wa fitilar iska. Ta yi fuu, ta yi ja, ta mutu.

Shugabar zumunta ta kira sunan Yesu. Na ce su yi shiru su dubi saman bishiyar mangwaro. Ido ya ɗan jima kafin ya saba. Fasto ne ya fara cewa, “Yana tafiya.” Muka bi shi da kallo ya ratsa tsakiyar sama, ya nufi dutsen, ya dushe. Dattijon ma ya gani, don ina kusa da shi na ji numfashinsa ya tsaya. Da ya buɗe baki, ashana ya tambaya. Ashe 'yar farar jakar nan da ke ba da hasken ta ruguje sa'ad da na taɓa fitilar. Haka suka koma a duhu, yana tuntuɓe da kunyoyin gyaɗar makaranta yana tsaki.

Ranar Lahadi aka yi sanarwa. Ikkilisiya ta bincika, ba ta same ni da laifin da aka faɗa ba. Amma saboda na raina dattawa, na sa hannu a kayan coci, na jefa shugabanni cikin duhu, an sa mini horo har sai na zo gaban jama'a na nemi gafara. Ticha ba a ambace shi ba. Yana zaune a kwaya da safarsa, ya buɗe baki ya ja waƙa da muryar nan tasa kamar ta kwaɗo.

Da muka isa gida, Mama tana kwance ɗankwali ta ce, “Abin nan da gaske mutane ne a ciki?” Na ce haka aka ce. Ta ce Allah ya sauko da su lafiya, ta shiga kicin.

Gafarar kam ban nema ba. Kirsimeti ya same ni a bencin, kusa da wata yarinya mai tsohon ciki. Ta dubi cikina, ta dubi fuskata, ta matso ta ce, “Ke kuma wa ya yi miki?”

Na ce, “Ba kowa. Fitila na kashe. Matsa, kin zauna mini a kan zane.”