Malam Suhaibu, Mai Ƙwanƙwasawa Daga Waje

Shekara da shekaru, duk wanda ya bi ta gaban wani ƙaramin asibitin kuɗi a Sabon Wuse da hantsi zai tarar da Malam Suhaibu a kan benci ƙarƙashin dalbejiya, ya ƙura wa waya ido. Daga Iku yake tasowa bayan ya leƙa gonarsa. Ya shiga ya gaida ma'aikata, ya ɗan taɓa wata kwamfuta a ɗakin ajiya, sai ya fito ya zauna. Masu jinya suna ɗaukarsa ɗan zaman kashe wando, ma'aikata kuma suka laƙa masa Sarkin Inuwa. Shi ko sai murmushi, don Allah ya yi shi da nauyin baki, bai iya yi wa aikinsa talla ba.

Asibitin ba shi da likitar mata ta dindindin. In an yi wa mai ciki sikanin, Dakta Ibukun ce ke duba hoton daga Abuja ta intanet. Kwamfutar ɗakin ajiyar nan ita ce maigadin gidan: duk mai shigowa daga waje sai ya tsaya a gabanta, katangar tsaronta da ake kira fayawol ta kori wanda ba a sani ba. Malam Suhaibu ne ya kafa mata ƙa'ida cewa in likita ta ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba kaza, a wuce da ita wurin na'urar sikanin. Ƙofa irin wannan kuwa ba a gwada ta daga cikin gida, don daga ciki komai lafiya lau yake nunawa. Sai mutum ya fita, ya kunna datar wayarsa, ya ƙwanƙwasa kamar baƙo. Zaman bencin nan, aikin ke nan.

Manajan asibitin, Oga Gambo, bai taɓa tambaya ba. Ya dai gaji da ganin mutum a inuwa, sai ya sa aka ɗauke bencin, ya ce Malam ya riƙa zuwa in an kira shi. A cikin makonnin ne aka sayo sabuwar na'urar sikanin, masu sayarwa suka haɗa ta, suka gwada daga ciki, suka kama hanyarsu.

Ranar wata kasuwa da rana tsaka aka kawo Rahama daga Zuma, cikinta ya tsufa, jini ya ɓalle mata. An ɗauke wuta, an tada janareta. Sista Comfort, nas ɗin da ke aiki ranar, ta yi sikanin, ga hoto tar a gabanta, amma Dakta Ibukun ta ce ita ba ta ganin komai, kuma ba za ta yanke hukunci a makance ba. A bar Rahama ta haihu a nan, ko a ɗauke ta zuwa babban asibiti? Sai a lokacin aka tuna da Sarkin Inuwa.

Ya sauka daga acaɓa bai shiga ba. Ya tsaya inda bencin yake a da, ya ciro waya. Isma'ila, mijin Rahama, ya yo kansa yana cewa matarsa na mutuwa shi yana latse-latse. Malam ya ƙwanƙwasa ta wayarsa. Ya ga maigadi ya karɓi sallamarsa, ya wuce da shi, amma ɗakin na'urar sikanin shiru. Ashe da wuta ta ɗauke, sabuwar na'urar ta tashi da wani adireshi dabam, ƙa'ida kuma tana nan tana kai baƙo tsohon ɗaki, kamar ɗan haya ya sauya ɗaki bai gaya wa maigadi ba. Oga Gambo ya ce a buɗe ƙofofin gaba ɗaya kowa ya huta.

"A'a, Oga," in ji Malam. "Sirrin matan mutane ne a ciki. Ƙofa ɗaya ta isa."

Ya zauna gaban kwamfutar, hancinsa kamar zai taɓa gilashin. Can ya ce a hankali, "Sista, karanto min lambobin nan." Ranar ce Comfort ta san idanunsa sun yi nisa, ya daɗe yana ɓoyewa. Tana karantawa yana bugawa. Ya kafe wa na'urar adireshin da ba zai sake motsi ba, ya gyara ƙa'idar, ya sake fita waje ya ƙwanƙwasa. Bai dawo ba wayar Comfort ta yi ƙara: likita ta gani, mabiyiya ce ta tare hanya, a ɗauki Rahama zuwa babban asibiti yanzun nan a tanadi jini.

Rahama ta rayu, 'yarta ma haka. An yi wa likita addu'a, an yi wa nas da direban da ya kai ta. Ranar suna ba wanda ya tuna ya aika Iku. Wannan abu da ciwo yake, kuma ba wata hanyar faɗinsa.

Malam Suhaibu, kai ne mai gadin maigadi. Kai ne ka yarda a kira ka malalaci don kada wata ta kwana a bakin ƙofar da ba ta buɗuwa. Ka sha zagi a rana, ba ka rama ba, kuma ba ka buɗe abin da bai kamata ba don a yabe ka.

Bana ya ajiye aiki, ido ya ƙi. An mayar da benci ƙarƙashin dalbejiya, Comfort ce ke zama a kai kowace safiya da wayarta. Ita ce ta ba Isma'ila labarin abin da ya faru, ta raka shi Iku da Rahama da yarinyar. Isma'ila ya durƙusa yana neman gafara. Malam ya ce ba komai, ya miƙa hannu aka ɗora masa yarinyar, ya shafa kanta, ya tambaya wa ta biyo. Suka ce uwarta. Ya ce, "Da kun zo bara, da na gani da kaina."

Allah ya saka maka da alheri, Malam, ya haskaka maka gabanka. Masu tasowa a wannan sana'a, ku ɗauki halinsa. Sauran jama'a kuma, in akwai mai irin wannan zama a ƙofar ma'aikatarku, ku fita ku tambaye shi me yake yi, ku gode masa tun yana iya ganin fuskarku.