Waƙar Damina Ta Salihu Ce

A gidanmu na Daura, in sanyi ya shigo, Kaka Hajjo kan hura wuta a ƙofar ɗakinta bayan magariba, mu jikoki mu kewaye ta muna gasa gyaɗa a toka. Mace ce mai haƙuri. Sau ɗaya tak na ga ta hasala.

Ranar, yayata Bilki ce ta shiga rera wata waƙar damina da aka koya musu a Islamiyya. Kaka ta katse ta.

"Ke, waƙar wa aka ce muku?"

"Ta Malam Gambo, Kaka."

Ta wurga itacen hannunta cikin wuta har tartsatsi ya tashi. "Ƙarya suke yi! Ta ubana ce."

Sai ta ba mu labarin. Malam Gambo shi ne babban marubucin waƙa a zamaninsa, kuma yabonsa na da tsada. In ƙafiyarka, wato amsa-amon waƙarka, ta karye, a gaban jama'a zai ce ka koma ka gyara. Wata rana ɗalibinsa Salihu, mutumin Dutsi, wato mahaifin Kaka, ya kawo tasa waƙar ta damina. Malam ya sa ya maimaita ta, sannan ya dubi mutanen zaure ya ce, "Ni ma na yi wa damina waƙa, amma tawa ba ta kama ƙafar wannan ba."

Daga nan duk inda Malam ya zauna sai ya rera ta, ya ambaci sunan mai ita. Salihu ya rasu da ƙuruciya, ba da daɗewa ba Malam ya bi shi. Manyan ɗalibai, waɗanda yabon nan ya daɗe yana ci musu rai, suka ci gaba da koyar da waƙar, suka cire sunan.

"Innata ta je har zauren, ina goye," in ji Kaka. "Suka ce mata, me mace ta sani a kan waƙa?"

Bara, a wani taron marubuta, na ji mai jawabi yana cewa waƙar daminar nan ce ta fi fice a waƙoƙin Malam Gambo. Na miƙe na gyara masa. Ya nemi hujja, na ce kakata. Aka yi dariya.

Har yau abin na ƙona ni. Mutumin da ya iya tsayawa gaban ɗalibansa ya ce yaro ya fi shi, shi ne masu cewa suna ƙaunarsa suka mayar ɓarawo, yana kabari ba shi da bakin musantawa. 'Ya'yana dai sun haddace waƙar, kuma da sunan Salihu suke farawa.