Ƙwaryar Daddawa a Gaban Malamai

Ko tsufa ya cinye ni, ba zan manta ranar da na shiga ɗakin jarrabawa ɗauke da ƙwarya biyu ba.

Shekarun yajin aiki ne, ga tsadar abinci. Ina ajin ƙarshe a jami'a, ina bincike kan bakteriyar da ke nunar da daddawa. Ita ke fitar da wani sinadari ya narkar da kalwa, kuma a cikin ƙwayoyin halittar da ta gada akwai makunnin da ke sakin sinadarin ko ya tsare shi. Makaranta ta yi watanni a rufe, firij babu wuta, duk bakteriyar da na raina ta mutu. Malamina ya ce sai dai in maimaita shekara, ni kuwa na san Baba ba shi da ƙarfin sake mayar da ni.

Na koma ƙauyenmu kusa da Gezawa ina huci. Daddawa sana'ar Inna ce. Na roƙe ta dafaffiyar kalwa, na raba ta a ƙwarya biyu, na barbaɗa wa ɗaya sukari, na rufe da ganye da buhu.

"Ke, boko ya taɓa miki kai ne?" in ji Inna. "Sukari a kalwa, a wannan marra? Wallahi ba za ta yi yauƙi ba."

Kwana uku maganarta ta tabbata. Bakteriyar da ta samu zaƙi a ɓagas ta kashe makunninta, mai jin yunwar ce ta narkar da kalwa. Na yi ta maimaitawa ina rubutawa, Inna na mita.

Ranar kare bincike na shiga da ƙwarya biyun, wari ya cika ɗakin. Wani babban malami ya toshe hanci ya ce, "Fitar mana da wannan ƙazantar, nan ba kasuwa ba ce."

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba inda za ta. Ɗakin gwajinku ya kashe bakteriyata, ƙwaryar uwata ta raya ta. A taɓa a ji, sannan a kayar da ni."

Can wata malama ta taso, ta murza kalwar kowace ƙwarya da yatsa, ta ce, "Wannan ta nuna, wannan ba ta nuna ba. To, yi mana bayani." Na yi, na kuma ci jarrabawar.

Ranar na gane cewa wanda ya ce ka fitar da abin da ya raine ka, kai yake kora, kuma ba dole ba ne ka fita.