Ragon da Muke Ba Manya

A ƙauyenmu da ke bakin tafki, gaba da Warra, rago guda ne muke ba duk wani babban baƙo. Fari ne mai baƙin kunne, ƙahonsa na hagu ya fi na dama lanƙwasa. Na Kaka ne, mahaifiyar Baba. Uwarsa ta mutu yana ɗan kwana uku, Kaka ta raine shi da kunu a ludayi, ya tashi yana bin ta har ƙofar banɗaki. Ko da babbar Sallah ba ta yarda a yi maganar wuƙa a gabansa.

Ruwa ya kewaye mu ta gefe uku, na huɗun kuma fadama ce da ko jaki ba ya yarda ya taka. Saboda haka kowane baƙo ta jirgin ruwa yake zuwa. Mutumin da ya sha shadda mai sitaci ba zai haɗa jirgi da rago ba, balle rago mai fitsari in ya ji ƙarar inji. Idan an gama jawabi aka jawo masa kyautarsa, sai ya dafa bayan ragon ya ce, "Mun karɓa, Allah ya yi albarka. A ajiye muna shi." Sai a yi guɗa, jirgi ya tashi, rago ya koma gindin turmin Kaka.

Da haka ragon ya tara iyayen gida. Akwai 'yan takara biyu da ba sa ga maciji da juna. Akwai wani malami da ya zo da lasifika ya ce layun da masunta ke ɗaurawa a goshin jirgi shirka ne. Aka yi ta kabbara, aka kwance su a gabansa, da ya tafi aka mayar da su ƙarƙashin mazauni inda ido ba ya kaiwa. Da babban fasto ya zo daga Yelwa, maƙwabtanmu Kirista ma sun zo aron ragon, Kaka ta ba su da sharaɗin kada a ɗaura masa ƙyalle a wuya.

Na taɓa tambayarta ko wannan ba yaudara ba ce. Tana gyaran gero a faifai, ba ta ko ɗago ba.

"Ke ɗiyar nan, ubana bijimi ya ba Baturen da ya zo hwaɗa muna ruwa zai ci garinmu. Bature ya ce a ajiye mai. Ruwa ya zo abinai, munka tashi da bijiminmu. Kakana kuwa, in ya ji mahaya doki, tsibiri yaka shiga, in sun tahi ya hito. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Shekarar da nake aji biyar aka ce wani babba zai zo neman ƙuri'a. Al'ada ce 'yar makaranta da kayan makaranta take riƙe igiyar ragon, don hoto ya yi kyau. Wadda ke yi a da ta tuntsire da dariya a gaban malamin lasifika, aka sauke ta. Mai gari ya zaɓe ni don an san ko a aji ba a jin muryata. Kaka ta ja ni bayan rumbu ta naɗe min igiyar sau biyu a hannu.

"Kar ki saki sai kin ji ya ce a ajiye. Kin ji ko?"

Na gyaɗa kai.

Tun hantsi gari ya fito kwata, inda jirage ke tsayawa. An shimfiɗa tabarmi, an ajiye kujerar hedimasta ta fuskanci ruwa, makaɗa sun fuskanci ruwa, kowa ya kafa wa ruwa ido. Inna ta ɗaura atamfa mai hoton baƙon, sai dai da yake rabin turmi aka ba ta, kunnensa da rabin hularsa kawai suka samu shiga. Abin da babu wanda ya tuna shi ne, bana tafki ya ja baya sosai, fadama ta bushe har ta tsage. Kullum muna bi ta kanta neman itace, amma ba a taɓa zaton hanya ce ba.

Sai muka ji odar mota a bayanmu.

Gari guda ya juya. Mai kalangu ya faɗa kan mai ganga. Baba da Kawu suka ɗauki kujera suka rasa inda za su dosa da ita. Ni kuwa motocin na ƙirga, har na kai ta ƙarshe. A-kori-kura ce, bayanta a buɗe, har da awaki biyu a ɗaure da aka samo a wasu ƙauyuka.

Baƙon ya yi jawabi. Ya ce zai kawo gada, aka yi tafi. Ya ce zai kawo wuta, aka yi tafi. Ya yi tari, wasu daga baya suka yi tafi. Mai gari ya yafito ni, na jawo rago. Baƙon ya dafa bayansa, ya ɗaga wutsiya ya duba kamar mai ciniki a kara, kasuwar dabbobi.

"Madalla! Wannan ya sha kiwo. A sa a mota."

Wata mata da ta riga ta ɗauko guɗa ta haɗiye abarta. Na hango Kaka ta dafe ƙirji.

Wani ƙato mai baƙin tabarau ya zo ya kama igiyar. "Saki mana, 'yan mata." Ban saki ba. Ba jarumta ba ce, ban dai ji an ce a ajiye ba. Ya ja, rago ya turje, ni ma na biyo su ina jan takalmi a ƙasa. Mai gari yana murmushi yana magana ta tsakanin haƙora: "Saki, ɗiyata, saki don Allah." Ta bayansa Kaka ta zare min ido. Na auna su biyun, na ga da Kaka nake kwana ɗaki ɗaya.

Har gindin mota muka kai. Ƙaton da wasu biyu suka cicciɓi ragon, igiya ta ɗaga hannuna sama, na tsaya a kan yatsun ƙafa, hawaye na zuba babu sauti. Samari sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Wani na kusa da baƙon ya raɗa masa magana a kunne. Nan take fuskarsa ta cika da fara'a, ya karɓi lasifika.

"Jama'a ku shaida! Saboda ƙaunar da nake wa karatun 'ya'ya mata, na ba yarinyar nan wannan rago kyauta, daga aljihuna!"

Guɗa ta ɓarke, kalangu ya tashi. Aka ce ina iyayen yarinya su zo su yi godiya. Kaka ta fito da sandarta, ta durƙusa a gaban mutumin da bai kai Baba shekaru ba, ta yi masa addu'a doguwa, har da ta samun kujera, har da ta jikoki. Da motoci suka ɓace ta tashi ta kakkaɓe gwiwa.

"Allah ya saka mai," in ji ta. "Ya ba ni ragona."

Ta kai shi bakin ruwa ta wanke inda hannuwa suka taɓa, sannan ta shafa min man kaɗe a tafin hannu inda igiya ta ci.

Bayan kwana huɗu mai gari ya yi sallama a gidanmu. Ya ce masu wa'azi za su zo ranar Juma'a, a shirya rago. Kaka tana ba ragon dusa a kwano.

"Ranka shi daɗe, ai ba nawa ba ne yanzu. Gaban jama'a anka ba ta. Ga mai shi nan, tambaye ta."

Mai gari ya juyo gare ni, dattijo mai furfura, ya ce, "To, Hajiya mai rago, mi kika ce?" Na sunkuyar da kai ina kallon yatsan ƙafarsa da ya leƙo ta takalmi. Na girgiza kai.

"Ka gani," in ji Kaka. "Ta hana."

Ya daɗe a tsaye yana kallon ragon yana cin dusa. Daga nan ya yi gyaran murya, ya tambayi Inna ko bunsurun Kawu yana nan.