Ƙarfe a Hannun Mai Ɗori

Malam Babaji na Ƙofar Sauri ɗori ya gada. Kakansa ya yi, ubansa ya yi, shi ma tun bai ajiye gemu ba yake haɗa ƙasusuwan mutane da kara da tsumma da man shanu. Ba ya tambayar wanda ya karye inda ke masa ciwo. Yatsu uku na hannun dama yake ɗorawa, ya bi fata a hankali, ya ce, "Nan ne." Sai a ji ihu, alamar nan ɗin ne. Ra'ayinsa game da asibiti kuwa sananne ne: wuri ne da ake kai mutum da hannu biyu ya dawo da ɗaya. Ya faɗi haka a zaure, ya faɗa a wurin ɗaurin aure, har a maƙabarta ya taɓa faɗa.

Gidan yana da ƙa'ida tun zamanin kaka: duk wanda aka tsallaka dokin ƙofar zaure da shi, ba ya fita sai an ɗaure shi.

Wata Laraba da la'asar ɗan acaɓa ya kwashe shi a Ƙofar Kwaya, ya suma. Waɗanda suka taru a kansa baƙi ne, ba su san ra'ayinsa ba, suka sa shi a keke napep sai asibiti. Ƙashin hannun dama har ya huda fata. Da ya farka ya ishe an gama komai: an tsaga, an jera ƙashi, an kafa masa ƙarfe da kusoshi, an ɗinke. Likita ya nuna masa hoton. Malam Babaji ya daɗe yana kallo. Aikin ya yi kyau. Bai faɗa ba. Likitan ya ƙara da cewa jijiya ta taɓu, mai yiwuwa jin yatsun ya dawo, mai yiwuwa kuma kada ya dawo. Ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa.

'Yan dubiya suka cika zaure. Sannu Malam, ya jiki, ya ƙarfin jiki, Allah ya sa kaffara ne. Alhaji Mahmud mai sayar da kayan gini, maƙwabcinsa kuma abokin wasansa, ya leƙa dama, ya leƙa hagu.

"Malam, ni dai hannu biyu nake gani. Ko mantawa suka yi ba su cire ba?"

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Babaji.

"Da ka yi magana ai akwai kusoshi a shago, 'yar inci uku, da na yi maka ragi."

Aka yi dariya. Shi ma ya buɗe baki daidai gwargwado.

Ɗinki ya warke, yatsun nan uku ba su farka ba. Yakan dube su kamar baƙin da suka sauka gidansa bai san harshensu ba. Bai ji baƙin ciki ba, bai ji wani abu ba. Matarsa Furera ta gane yatsun ba sa ji ne ranar da ta ga ya riƙe murfin tukunya mai zafi yana tambayarta ina carbinsa. Ta karɓe murfin, ta shafa masa man shanun ɗori a kan ƙunar.

Daga nan ya fitar da tabarmarsa ƙofar gida, wai yana shan iska. Duk wanda aka kawo, tun daga bakin lungu zai tare shi da gaisuwa mai tsawo, ya ce jiki da saura, a gwada wani wuri. Tunda ba a tsallaka ba, ƙa'ida tana nan lafiya.

"Malam, har yaushe za ka yi gadin gidanka?" Furera ta tambaya daga bayan labule.

"Iska nake sha."

"To, a sha lafiya."

Ranar wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya ishe takalma a bakin zaure. Wani manomi ne daga Batagarawa, Yahaya, ya faɗo daga amalanken shanu, ya karye a hannu. Yayansa Usman ya kawo shi, ya ga ƙofa a buɗe, ya shigar da shi har tsakiya. Masu dawowa daga masallaci suka tsaya kallo, Alhaji Mahmud a gaba.

Malam Babaji ya zauna, ya yi bismilla, ya ɗora yatsun. Ya bi fata daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Ya sake bi. Da buhun gero aka ajiye masa da bai bambance ba. Ya gwada na hagu, amma shi hagu riƙo kawai ya iya tun farko. Zai iya cewa "Nan ne," Yahaya zai yi ihu ko ina aka taɓa, kowa zai gamsu. Sai dai ya san yadda hannun da aka ɗora da ka yake ƙarewa, ga shi damina ta kusa, mutumin nan kuma fartanya ce abincinsa.

Ya ce a miƙo kara da tsumma. Ya jera, ya naɗe, ya ƙulle da taimakon haƙori.

"Baba, ba a ja ba," in ji Usman.

"Ba za a ja ba. An ɗaure shi dai, ko?"

"An ɗaure."

"To, a kira keke."

"Ina za mu tahi?"

"Asibiti."

Alhaji Mahmud ya buɗe baki, ya dubi hannun Malam, ya rufe.

"Ku taso," in ji Malam Babaji. "Ni na san ƙofar da ake shiga."

Kafin magariba labari ya zagaye Ƙofar Sauri. Washegari ya mayar da tabarmarsa cikin zaure, tunda yanzu ƙofar ba ta bukatar mai gadi. Furera ta leƙo ta tambayi yadda za a yi da damin karan da ya rage.

"Ki hura wuta da shi."

Ya ɗauki ƙwallon roba ya ci gaba da matsawa, yana dubawa don ya tabbatar ƙwallon yana hannunsa.