Yadda Na Koyi Kallon Baba

Shekarar da na nemi gurbin karatun Faransanci a jami'a, aka ce mana bayan jarrabawar takarda akwai ganawa. Za a zaunar da mutum gaban malamai, su yi tambaya, ya amsa da baki. Takarda ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Baki ne matsalata.

Malamata ta Faransanci, wata 'yar kudu da ke zaune a Sabon Gari, ita ta fara gaya mini gaskiya. Na je gidanta gwaji, ta yi tambaya, na sunkuyar da kai na ba ledar ɗakinta amsa. Ta buga tebur ta ce Faransancina ba shi da laifi, amma in na yi wa malaman jami'a haka, za su ɗauka hadda na yi, gurbin kuma ya tafi ga wani. Wallahi raina ya ɓaci. A keke har unguwarmu ta Liman Abaji mita nake a zuci: tun ina rarrafe ake koya mini kada in kalli babba a ido, yau kuma rana tsaka a ce tarbiyyar ce za ta kayar da ni?

Dabarar da ta ba ni ita ce in nemi babban da na fi jin nauyi, in riƙa yi masa magana ina kallonsa. Ai ba sai an je da nisa ba, Baba ne. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa kuma aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, hirarmu kuwa ba ta wuce gaisuwa. Ta bakin Inna na aika roƙon, ina da tabbacin zai ƙi. Sai ga shi bayan la'asar ya sa an fito da kujera tsakar gida, ya zauna har da hula, kamar mai jiran baƙi.

Baba ko kalma ɗaya ta Faransanci bai sani ba. Muka shirya zai yi tambaya da Hausa, in amsa da Faransanci. Ranar farko ni ina kallon yatsun ƙafata, shi yana kallon bishiyar mangwaro. Inna na gefe tana tsince shinkafa, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ba ta taɓa ganin jarrabawar da malami da ɗaliba duk suke gudun juna ba. Na ji haushi, na shige ɗaki.

Washegari ya sake fito da kujerarsa. Na yi wayo na riƙa kallon hularsa, ya gano ni, ya ce hula ba ta tambaye ni komai ba. A hankali na sauko goshi, daga goshi zuwa ido. Wata rana ya tambaye ni me ya sa na zaɓi Faransanci alhali shi aikin jinya ya so mini. Na dube shi na zazzage masa duk abin da ba zan iya faɗa da Hausa ba: ina son aikin tafinta, ina son ganin ƙasashe, ina kuma tsoron ba shi kunya. Bai gane komai ba, amma bai ɗauke ido ba har na gama.

Ranar ganawa, babban malamin dattijo ne mai farin gemu. Yana buɗe baki na ji wuyana na neman lanƙwashewa da kansa. Na tuna kujerar tsakar gidanmu, na ɗago. Na yi tuntuɓe a wasu kalmomi, na gyara, na ci gaba, kaina a sama.

Da sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka, na sami Baba a zaure, na durƙusa, na sunkuyar da kai yadda na saba, na gaya masa. Ya ce, "Ɗago mana. Ashe duk shekarun nan idon mahaifiyata na cikin gidana ban sani ba."

Ya jawo takalmansa da sauri ya ce zai tafi masallaci. Ko kiran salla ba a yi ba.